Tiyon Hawa na Huɗu

Shekara goma sha bakwai na yi ina wanke matattakalar ginin nan, kuma goma sha huɗu daga ciki da tiyon kashe gobara na wanke ta. Na faɗa tun farko ne don kada wani ya zaci shi ya tono mini asiri. Ni na tona kaina, da bakina, da rana tsaka.

Ginin hawa shida ne. Ƙasa shaguna, sama ofisoshi, hawa na huɗu kuma ɗakin ɗinki ne guda, keke talatin da biyu, mata zalla, ga dilolin yadi jibge har rufi. A nan autata take aiki da goyonta a baya. Matattakala ɗari da takwas ce daga ƙasa zuwa sama, kuma na san kowacce kamar haƙoran bakina. Wanda ya tsara ginin, Allah ya yafe masa, famfo ɗaya tak ya sa wa mai shara, shi ma a ƙasa, bayan ɗakin maigadi. Shekara uku ina hawa da bokiti biyu ina sauka, don an hana shiga lifta da bokiti, har gwiwoyina suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Alhali a kowane hawa ga jan akwatin ƙarfe a bango, tiyo a cikinsa, ruwa a bayansa yana zaman jiran gobarar da ba ta zo ba.

Wata ranar hutu, ba kowa a ginin sai ni da Dogo maigadi, na buɗe akwatin hawa na biyar. Na ga wani jan ƙarfe mai zagaye kamar ƙaramin sitiyari, na ce to wannan ne kan famfon, na murɗa. Tiyon namu ba na roba ba ne. Na zane ne mai kauri, a ninke yake ninki-ninki kamar yadin da ba a yanka ba. Ruwa na shiga ninkin farko ya kumbura, na biyu ya kumbura, kafin in ankara duk ya cika akwatin ya cije. Bakin tiyon, na tagulla, ya yi tsalle ya make ni a hannu. Ƙaramin yatsana na hagu har yau a karkace yake, kuma na ce wa mutanen gida ƙofa ce ta datse ni. Bayan mun kashe ruwan, ni da Dogo sai da muka yi kusan awa guda muna fama kafin tiyon ya yarda ya fito.

Da yatsan nan na koyi abin da ba wanda ya koya mini. Sai an zare tiyon gaba ɗaya, an miƙe shi har ba sauran lanƙwasa, mutum ɗaya ya riƙe bakin da hannu biyu, sannan wani ya murɗa ruwa a hankali. Dogo ke murɗawa, ni ina riƙewa. In na gama sai in rataye shi a ƙarfen matattakala ya tsane, ya bushe, in ninke in mayar. Duk ranar hutu hawa ɗaya, bi da bi. Na san na hawa na biyu yana yoyo kusa da baki, na san famfon na shida sai an sa masa ƙarfi. A duk ginin, har manajoji huɗu da aka yi a gabana, ba wanda ya taɓa ganin ruwa ya fito daga tiyon nan sai mu biyu.

Sai ga alluna. Wani mutum mai farar hular kwano, wanda kowa ke kira Injiniya, ya zo da injin huda bango ya kafa ɗaya a saman kowane akwati. Allon ja ne, da hoton wani ɗan farin mutum marar fuska sau uku. A hoto na ɗaya yana murɗa famfo. A na biyu yana jan tiyo. A na uku yana fesa wa wuta ruwa, cikin kwanciyar hankali kamar mai ban ruwan fulawa. Ban yi makaranta ba, amma ɗaya da biyu ba su fi ƙarfina ba. Na matsa na ƙara dubawa. Tiyon da ke hoton na roba ne, a naɗe jikin taya kamar zaren keken ɗinki. Irin wannan ƙila a murɗa kafin a ja. Namu dai in aka yi masa haka, yatsana ya san abin da zai biyo baya.

"Sannu da aiki, Injiniya," na ce. "Allon nan na wannan akwatin ne kuwa?"

"Na ina kike so ya zama, Gwaggo?"

"Na ga tiyon hoton ba irin namu ba ne."

"Tiyo ai tiyo ne. In kin gama, ki share mini garin bangon nan."

Na share masa, tsaf.

Da aka tashi cin abinci na kira Auta ta karanta mini rubutun da ke ƙasan hotunan. Ta karanta a hankali: "Don gobara kawai. Duk ma'aikacin da ya yi amfani da shi don wani abu, a bakin aikinsa." Ta dube ni, na dube ta. A gidanmu ita kaɗai ta san gaskiyar labarin yatsan.

"Inna, na ga idonki," ta ce. "Don Allah ki yi shiru. Shekara nawa ba a yi gobara a nan ba? In suka kore ki, a shekarunki wa zai ɗauke ki?"

Dogo ma bai tsaya kwana-kwana ba da na same shi a kan bencinsa. "Gwaggo, in kika buɗe baki, tambaya ta farko, a ina kika sani. Ta biyu, wa ke murɗa miki."

"Ta biyun ba za ta samu amsa ba."

"Ta farkon fa?"

Gaskiya ya faɗa. Ba yadda zan ce allon ƙarya yake yi sai na faɗi yadda aka yi na sani, kuma yadda aka yi na sani shi ne laifin da allon ya rubuta hukuncinsa.

Kwana huɗu na yi da bakina a rufe. Ina son aikina, ba zan ɓoye ba. Ba wai don ba ni da wani ba kawai. Ina son in tsaya a ƙasa da safe in ɗaga kai in ga matattakala tana sheƙi har sama, in san hannuna ne. Ina son makullin ɗakin shara da ke rataye a wuyana. Na riƙa wucewa ta gaban allon ina kawar da kai, ina ce wa kaina ba ni na kafa ba.

Ranar Litinin da safe ina goge ƙarfen matattakala a hawa na huɗu, sai ga shugabar masu ɗinki, wadda suke kira Anti mai yanka don ita ke yanka yadi, ta fito da matan ta jera su a gaban akwatin. Mace ce mai son yin abu bisa ƙa'ida. Ta nuna allon da tsinin almakashi.

"Ku duba da kyau. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ba kururuwa za ku tsaya yi ba. Ku murɗa, sannan ku ja. Me na ce?"

"Mu murɗa, sannan mu ja," suka amsa gaba ɗaya.

Auta na cikinsu. Ba ta amsa ba, ta sunkuyar da kai, jikana na barci a bayanta da bakinsa a buɗe. Ta ƙofar da ke bayansu ina hango dilolin yadi, ina jin ƙaurin dutsen guga da wata ta bari a kan tsumma. Na ajiye abin gugata a kan matattakala na sauka ofishin Manaja.

Manaja sa'an ɗana na fari ne, kuma ba mugu ba ne. Yana gaishe ni kafin in gaishe shi. Na same shi yana duba takardu, sanyin ofishin na ratsa mini gwiwa.

"Yallaɓai, allon nan da aka kafa, ɗaya da biyu a juye suke. In aka murɗa kafin a zare, tiyon zai cije a akwati, ko mutum biyar ba za su fito da shi ba."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi. "Gwaggo, waɗanda suka yi allon nan aikinsu ke nan. Ranar Alhamis ma jami'an kashe gobara za su zo dubawa. Ke a ina kika sani?"

Na ɗaga masa yatsan. "A nan."

Na faɗa masa duka, tun daga bokiti biyu har zuwa yoyon hawa na biyu. Murmushin ya gudu.

"Shekara goma sha huɗu? Ke da wa?"

"Ni kaɗai."

"Ke kaɗai kike riƙewa, ke kaɗai kike murɗawa?"

"Hannuna biyu ne, yallaɓai."

Ya rufe ido ya dafe goshi. Da ya buɗe sai ya rage murya. "Gwaggo, ban ji abin da kika faɗa ba. Kin shigo kin kwashe kwandon shara kin fita. Daga yau ki koma bokiti, magana ta mutu a nan."

"Allon fa?"

"Allon yana nan. An riga an sa hannu a kansa daga sama."

"Ka hau ka gani da idonka. Minti biyar."

"Ina ƙoƙarin rufa miki asiri, ke kina yayewa. Ki je, don Allah."

Kirki ya yi mini, na sani, kuma kirkin nan ya fi zagi ƙona mini rai. Ya ba ni aikina a hannu, abin da yake so kawai in bar mata talatin da biyu da karatun da zai sa su tsaya jan tiyon da ba zai fito ba. Na ɗauki kwandon sharar, tunda ya ce na kwashe, na fita. A bakin ƙofa na ajiye masa abinsa.

Ban hau lifta ba. Da ƙafata na hau, ina jin kowace matattakala a gwiwa. Na leƙa ɗakin ɗinki na buga ƙofa da tafin hannu har kekuna suka tsaya.

"Anti, ki fito da su. Karatun ɗazu bai ƙare ba."

Suka fito suna kallon juna. Auta ta riƙo gefen zanina. "Inna, kada ki yi." Na cire hannunta, ba da faɗa ba. Na sa kowa ya ja baya, na buɗe akwatin, na tsaya daga gefe, inda bakin tagulla ba zai same ni ba.

"Me allo ya ce a fara yi?"

"A murɗa," in ji Anti mai yanka.

Na murɗa. Ƙarar ruwan ta taso daga cikin bango, tiyon ya motsa, ya kumbura ninki bayan ninki, ƙarfen akwatin ya yi ƙara, bakin tagullar ya daki murfi ya tsaya a karkace. Wasu suka ja da baya har bango.

"Sai kuma me?"

"A ja."

"Bismillah, ki ja."

Anti mai yanka ba ƙaramar mace ba ce. Ta kama bakin ta ja, ko motsi. Ta taka bango da ƙafa ɗaya ta ƙara ja. Mata biyu suka kama ƙugunta. Tiyon yana nan daram, ya yi tauri kamar itace, ko ɗigon ruwa bai fito daga bakinsa ba.

"To yanzu a ce wuta na cin yadin can," na ce. "Hayaƙi ya kai nan. Ku ci gaba da ja."

Anti ta saki tiyon, ta dubi tafin hannunta da ya yi ja, ta dubi allon.

Na kashe ruwan na ce su biyo ni hawa na uku. A can na zare tiyon gaba ɗaya, na ja shi a baranda har tagar baya wadda ke kallon filin da ba kowa, na bi shi da ƙafa ina warware lanƙwasa. Na riƙe bakin, na kafa ƙafafuna. Sai a lokacin na tuna ba Dogo. Na waiwaya, sai na ga Auta ta kwance goyo ta miƙa wa wata, ta je ta kama jan ƙarfen da hannu biyu.

"A hankali," na ce mata.

"Na sani, Inna."

Ruwa ya bi tiyon yana miƙe shi, ya buge ni a kafaɗa yadda ya saba, ya fita ta taga har ya haye katangar filin. 'Yan ofisoshin hawa na uku duk sun fito suna kallo. Na ba Anti ta riƙe ta ji nauyinsa, sannan wata, sannan wata. Muna cikin haka na ji takun takalmi. Manaja ne, ya sauko daga hawa na huɗu, wato ya fara zuwa can. Ruwan da ke ɗiga daga mahaɗar tiyon ya jiƙa masa takalmi, bai ko duba ba.

"Gwaggo, kawo makullin ɗakin shara."

Na cire igiyar daga wuyana na ba shi. "Ka ga akwatin sama?"

"Na gani."

"To shi ke nan."

Na sauka kaina a sama, na wuce Dogo ban dube shi ba, don kada wani ya haɗa biyu da biyu. Sai da na sha kwanar titinmu na zauna a kan wani dakali na yi kuka, kuka sosai, na baƙin ciki. Ban yi nadama ba, amma abin ya yi mini ciwo. Hannuna ya riƙa kai kansa wuyana yana neman makulli.

Washegari da yamma sai ga Dogo a ƙofar gidana, yana murza hula.

"Manaja ne ya aiko ni. Tiyo biyu na nan yashe a baranda. Injiniya ya gwada cusa su a jiƙe, murfi ya ƙi rufuwa. Jibi masu dubawa za su zo."

"Kai ba ka iya ninkewa ba?"

"Ni da ban taɓa ganin an buɗe akwatin ba?" Ya faɗa fuskarsa a ɗaure, sannan muka yi dariya har na share ido.

"Ka ce masa zan zo. Amma a ajiye mini kujera, kuma ba zan taɓa tiyon ba. An rubuta don gobara kawai. Matan hawa na huɗu ne za su yi, ni baki kawai zan sa."

Ranar Laraba na sa zanina na fita unguwa na tafi. Manaja ya tare ni a ƙasa, yana kallon gefe.

"Gwaggo, gara in faɗa miki tun yanzu. Aikin ba zai dawo ba. Maganar ta kai sama."

"Na tambaye ka?"

Kujerar dai na same ta a ajiye, har da matashi.

Da safe na sa suka rataye tiyon biyu a ƙarfen matattakala, baki ƙasa, suka tsane. Na zauna ina shan shayin da Anti ta aiko, karo na farko a shekara goma sha bakwai da na zauna a ginin nan ana aiki ina kallo. Da la'asar suka sauke suka ninke. Masu ɗinki ne, ninki ba baƙonsu ba ne, sau ɗaya na nuna da hannu a iska suka ɗauka. Na sa suka zare suka sake, sau uku, har wata ta ce Gwaggo ta fi Anti tsanani. Na gaya wa Manaja na hawa na biyu yana yoyo, na shida kuma a sa wa famfonsa mai. Ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa.

Ina shirin tashi na ji ƙarar injin huda bango. Injiniya ne, yana cire tsohon allo yana kafa sabo. Bai gaishe ni ba, bai kuma ce in share masa gari ba. Da ya wuce hawa na gaba na matsa kusa. Ɗan farin mutumin yana nan, amma yanzu a hoto na ɗaya yana tafiya da tiyo a kafaɗa, tiyo irin namu. A na biyu ya samu abokin aiki, ɗaya na riƙe da baki, ɗaya na murɗawa. Rubutun ƙasa kuma na ga ya fi na da tsawo.

"Auta, zo ki karanta mini."

Ta karanta na farkon, wanda na riga na sani. Sai ta tsaya, ta rufe baki da hannu.

"Karanta mana."

"An hana wanke matattakala da wannan tiyo."

Matan suka fashe da dariya, ni ma na yi. Na tabbata duk duniya ba ginin da ke da wannan layin sai namu. Na sa ta maimaita mini, ta maimaita. Hotunan nawa ne, layin ƙarshen ma nawa ne, ba wanda zai raba ni da ko ɗaya.

Na shafa kan jikana, na yi musu sallama. Auta ta ce in jira lifta, na ce a'a. Kwana biyu kacal, amma matattakalar ta riga ta yi sawun takalma, ga busasshen shayi da wani ya zubar a kwanar hawa na uku. A ta goma sha ɗaya daga ƙasa, wadda gefenta ya ɗan fashe, wani ya yar da takardar biskit. Ban san sanda bayana ya sunkuya ba, har yatsuna sun kusa taɓa ta. Na miƙe, na gyara ɗaurin zanina, na tsallake ta na ci gaba da sauka.